Jirgin Kawu ba ya gudu sai ranar tsere

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, don a Yelwa kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Muna da kulob na masu ƙananan jiragen sama na rimot, muna tsere bakin tafki, a kafa gora jirage su riƙa zagayawa, wanda ya yanke ta ciki ya faɗi tseren. Ni ne alƙali. Da yake injin wani ya fi na wani, ranar Juma'a kowa na yin gwaji, jirgin da ya fi rashin gudu shi ake ba rata ranar Lahadi, ya riga saura tashi. Kawuna, ƙanen Inna, shi ya kawo dokar. Ya ce haka ake yi a tseren kwalekwale tun yana yaro, sanda ruwan dam ya tashe su daga tsibiri, tsohon jirgi a ba shi rata, amma wanda anka kama ya ɓoye ƙarfinsa, gaban jama'a ake karya masa filafili, ba ya sake shiga. Haka munka amince, sai dai mu fiffike ake karyawa, kuma alƙali ke karya shi da hannunsa.

To jama'a, jirgin Kawu ranar Juma'a kamar tsohuwar akuya, da ƙyar yake zagaye gora. Ranar Lahadi kuwa sai dai ka ji fiuu! Tun bayan sallah shi ke cinyewa. Da farko na ce iska ce, to iska kullum? Haba! Na lura ranar gwaji da jirgin ya sauka sai ya cusa shi a buhu. Ran nan na ce Kawu kawo in duba maka farfela, ya taso min, wai yaushe anka haife ni, shi ya koya min riƙon sufana. Kuma gaskiyarsa, gyaran injin jirgin ruwa da nake ci da shi a hannunsa na koya.

Juma'ar da ta wuce na ɗaga masa buhun zan ɗora kan babur, na ji nauyi, sai ga dalma ta faɗo, irin wadda ake sa wa ragar kamun kifi. Na san masunci ne, buhunsa ba ya rasa dalma, amma zuciyata ta ƙi yarda, ina zargin cikin jirgin yake cusa ta ranar gwaji, Lahadi ya cire.

'Yan kulob ma sun farga, sun same ni a shago sun ce rufa masa asiri nake, ko in buɗe cikin jirgin gaban kowa ko su watse. Na kai wa Inna maganar, ta ce tun da ciwon gwiwa ya raba shi da ruwa wannan wasan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki, in na kunyata shi kada in ƙara zuwa gaishe ta.

Wallahi raina ya ɓaci da shi, kuma tausayinsa nake ji. Jiya na je in roƙe shi a keɓe ya huta wannan satin, bai bari na gama ba, ya ce jibi Juma'a wurin gwaji da kansa zai miƙo min jirgin gaban mutane, in na isa in buɗe.

Don Allah ya zan yi? In buɗe, ko in mayar masa da shi a rufe?