Kaset Ɗaya da Ban Goge Ba

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ƙane ga wansa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama, ina sanar da kai gida lafiya lau. Gonar hanyar Gazawa ta ba da aya bana daidai gwargwado, kuma 'yarka Mariyama ta haihu, namiji, an raɗa masa sunanka. Labari mai daɗi ke nan, na fara da shi don na san halinka. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami kuwa nauyi ne da shi. Na yi wa Baba ƙarya a kan kayanka, na riƙe ta fiye da shekara ashirin, kuma har yau ban sani ba ko ƙaryar nan ta cutar da kai a inda kake kwance. Waɗanda za su karanta wannan takarda su yi mini uzuri, da kai nake magana.

Ka tuna waƙar nan ta Turawa da muke ce wa Mai Kuka? Ba sunanta ba ke nan, mu muka laƙaba mata. Ko kalma ɗaya ba ma ji a ciki, don Ingilishi ne, mu kuwa Faransancin lakol, makarantar boko, ma da ƙyar muke haɗa shi. Wani direban babbar mota ne ya ba ka kaset ɗin a tashar Maradi, ya ce irin kiɗan nan rok ake ce masa. Tana farawa a hankali kamar baƙo mai sallama, mutumin yana rerawa ƙasa-ƙasa, sai ganga ta shigo, can tsakiya ya yi shiru ya bar jita ita kaɗai tana kuka. Kai ka ce wanda ya kaɗa jitar nan uwarsa ta mutu, ba sai an fassara maka ba.

Mu shida ne a fadarmu, wurin hirarmu na gindin dogon yaro, bayan tashar Agiye. Da ka ajiye taksi bayan la'asar sai a hura gawayi a ɗora shayi, ka zaro rediyonka mai kaset daga ƙarƙashin kujerar mota kana goge shi da hula. Ba a saka Mai Kuka sai a shayi na biyu. Dokarka ce, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Abokinka Rabe yakan rungume mafici a ƙirji yana kaɗa shi kamar jita, ido rufe, har masu wucewa su tsaya kallon ikon Allah. In pil, wato batura, suka yi sanyi, muryar Baturen ta koma ta mai gyangyaɗi, sai mu cire su mu shanya a kan rufin mota, mu ɗan cije su da haƙori, su ƙara mana zagaye ɗaya.

Wata ranar damina ruwa ya kore mu zuwa zauren gidanmu. Mariyama tana 'yar wata biyar, an miƙo ta daga cikin gida, tana hannun Rabe. Ka ce in mayar da kaset baya mu ƙara jin wurin jitar. Ni kuma lokacin sabon malamin lakol ne, ina ganin na fi kowa sanin na'ura. Na mayar, garin danna maɓallin tafiya sai yatsana ya haɗa da jan nan na ɗaukar magana. Kafin wani ya tuna ya kashe shi, rediyon ya cinye tsakiyar kukan jitar ya ajiye mu a gurbinsa: kai kana faɗa, Rabe yana dariya, jaririya tana kuka.

Wata guda ba ka bar ni na taɓa rediyon nan ba. Duk inda muka haɗu sai ka nuna ni ka ce, "Ga malamin da ya ci jarabawa ya hwaɗi a maɓalli." Direban da ya ba ka kaset ɗin bai ƙara biyowa ba, ba mu kuma sami wani ba. Haka muka ci gaba da jin ta da rami a tsakiya har muka saba. In an kusa wurin, fada duka ta haɗa baki da muryarka a yi mini faɗa, ni ma har da ni a ciki.

Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya shigo gari. Ranar Talata ka dawo daga Gazawa kana dafe da ƙeya, ranar Juma'a muka dawo daga maƙabarta. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa.

Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni, ga kwalin kaset-kaset ɗinka a gabansa. Ka san shi, bai taɓa hana ka da baki ba, sai dai ya ɗauki buzunsa ya bar zaure in ka kunna. Ranar nan idonsa jajur ya ce mini, "Duk sauraren da anka yi ma wanga kiɗi, zunubinai na bin mai shi har kushewa. Ɗana ba shi da hannun kare kainai yanzu, sai namu." Wasu gidajen ƙonawa suke yi. Baba ya ce a'a, a goge su a ɗora karatun Alƙur'ani a kai, a raba wa tsofaffin unguwa, abin da zai zama nauyi ya koma lada.

Ni aka ba aikin, tunda kowa ya san ni ne gwanin jan maɓalli. Na aro rediyon liman na haɗa shi baki da baki da naka a ɗakinka, ɗaya yana karatu ɗaya yana ɗauka. Kaset ɗin da aka ɓalle wa kunne sai na cusa takarda a ramin kafin ya yarda. A rufe ƙofa, a kore kaji, ba tari ba motsi, don duk abin da ya yi ƙara zai shiga. Kwana tara ina zaune shiru ina kallon waƙoƙinka suna shigewa ɗaya bayan ɗaya.

Da na zo kan Mai Kuka na saka ta, na ɗora yatsa a kan jan, sai na tuna ba mu da muryarka a ko'ina cikin duniya sai a nan. Hotonka ma ɗaya ne, na takardar tuƙi, wanda ka murtuke fuska kamar jandarma. Na zare kaset ɗin na sa a aljihu. Da yamma Baba ya tambaye ni ko sun ƙare duka. Na ce sun ƙare. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, kuma albarkar nan ta fi mari zafi.

Na naɗe shi a tsumma na sa a gwangwanin madara. Na yi yawo da shi duk inda aka tura ni koyarwa, Sae Sabuwa, Cadakori, har na ajiye alli na dawo gida. Ban taɓa kunnawa ba. Fatawa na yi wa kaina irin ta ɓarawo, wai in ba a saurara ba, ba abin da zai bi ka. Baba ya rasu yana ganin ɗansa Sanusi mai cika alkawari ne.

Watan jiya, ranar kasuwar Agiye, na kai aya. Ina tsaye wurin mai cajin waya sai ga Mai Kuka daga lasifikarsa, tas da ita, ba shaƙewa ba rawar murya, kamar jiya aka yi ta. Rabe yana rumfar da ke kusa. Yanzu fa shi ne ladanin unguwarsu, gemu fari fat, carbi ba ya barin hannunsa. Na ga babban yatsan ƙafarsa yana bin gangar a cikin takalmi, shi bai ma sani ba. Da aka zo wurin ramin nan, mu biyu muka ja numfashi muna jiran ka yi faɗa. Ba ka yi ba. Jitar ta wuce abinta, ta yi kukan nan da na goge, wanda muka daɗe muna cewa da ma mu ƙara ji. Yaya, yana da daɗi, amma na tsane shi.

Rabe ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙin mai tsire ne, alhali mai tsiren ko wuta bai hura ba. Cikin mu shida mu biyu muka rage a garin. Biyu sun bi ka, ɗaya ya tafi Libiya ba labari. Mai cajin ya yi dariya ya ce ba mu kaɗai ba ne, tsofaffi da yawa sukan zo a kaikaice su ce a sa musu ita a waya, kuma kowa cewa yake wani ne ya aiko shi.

A makon da na ji waƙar ne Mariyama ta zo daga Gidan Rumji, inda take aure, ta kawo mana mai sunanka mu gani. Tana shayar da shi a tsakar gida sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baba Sanusi, muryar babana irin taka ce, ko ta hi kauri?" Wai in yaron ya girma ya tambaye ta, ba ta da abin faɗi. Na tashi na shige ɗaki kamar mai neman hula, hular kuwa tana kaina.

Kwana uku ina jujjuya abin. In na kunna, na buɗe maka ƙofar da Baba ya mutu yana ganin ya rufe. In na ƙi, na hana marainiya abin da yake nata. Na tambayi malamai biyu ba tare da na kama suna ba. Ɗaya ya ce mamaci ba ya ɗaukar laifin mai rai. Ɗaya ya ce wanda ya bar abu ana amfani da shi yana da rabo a ciki, alheri ne ko sharri. Na dawo gida da kayana a ka yadda na fita.

Ranar Alhamis da hantsi na fito da gwangwanin, na gaya wa Mariyama komai. Rabe ne ya kawo rediyo, ashe malam ladan bai yar da nasa ba. Na juya kaset ɗin da alƙalami a hankali don kada zaren ya tsinke, na kai shi kusa da wurin, in taƙaita kiɗan iya ƙoƙarina. Jita ta ɗan yi kuka, sai ƙarar dannawa, sai ga ka a tsakar gidana: "Kai Sanusi, ɗauke hannunka! Ja ka danna, ka kashe mani waƙa!" Rabe na da yana ƙyaƙyata dariya, Rabe na yanzu ya rufe fuska da hula. Sai kukan jaririya. Sai muryarka ta sauko ƙasa: "Miƙo mani ita nan. Yi shiru Mariyama, ɗiyata. Bar ma jita kuka, aikinta ne."

Mariyama ta yau ba ta yi shiru ba, yaya. Wannan karon ba ta ji maganarka ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne ashe ka taɓa kiran sunanta da bakinka. Na mayar mata sau ɗaya, ta kara wayarta ta ɗauki muryarka. Ta kuma ce taka ta fi tawa daɗi, kuma ban yi musu ba.

Bayan ta koma gidanta na yi aikin da na bari tun ranar nan. Na haɗa rediyon Rabe da wani da na aro baki da baki, na rufe ƙofa. Rabe ya roƙe ni in bari, ya ce wadda ke cikin waya ta Turawa ce, wannan mai ramin ita ce tamu. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi Baba ya dafa wa kai ba. Na auna wurinka, na yi alama da alli a jikin kaset ɗin, na danna jan a hankali, don na san halin yatsan nan, in ya zarce da ƙiftawar ido ya cinye ka. Na ɗora gajerun surori tun daga farko, na tsaya a ƙarshen wata sura da sauran tazara, na tsallake ka, na ci gaba daga bayanka. Tsoro ya sa na bar ɗan kukan jita gabanka da bayanka, bai fi numfashi biyu ba.

Mai Kuka tamu ta tafi ke nan, ka rage kai kaɗai a tsakanin karatu. Na zaci zan ji sanyi, ban ji ba. Ban sani ba ko na sauke maka nauyi, ko na makara, ko kuwa babu nauyin tun farko, na zauna kwana tara na goge abin da ya fi faranta maka rai a banza. Abin da na sani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na danna, ni na ɓoye, ni na kunna. In akwai laifi a ciki, na roƙi Allah ya ɗora a wuyana ya bar ka ka huta.

Jiya a sallar magariba liman ya karanta surar nan da na tsaya a kanta. Da ya kai ƙarshe, akwai ɗan shirun nan kafin kabbarar ruku'u. Ina tsaye cikin sahu, Rabe yana gefena, na sami kaina ina jiran ka ce in ɗauke hannuna.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da ka ji da wanda ka jiyar, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya jiƙan Baba da rahamarsa. Ya raya mai sunanka, ya ba shi kunne irin naka da hannun da ya fi nawa natsuwa. In kun haɗu da Baba, kada ka gaya masa maganar kaset ɗin nan. Bari in zo in faɗa masa da bakina.

Ƙanenka da ya kashe maka waƙa,
Sanusi