Gam da Ruwan Boras a Aji Biyar

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Wai uwar wata yarinya ta kawo rigar makaranta, gam ya bushe a jiki. Wai in daina wasan ƙazanta in koma allo kamar kowa. Na ce mata polima nake koyarwa, yadda ƙananan ƙwayoyi ke kama juna su zama doguwar sarƙa har a samu leda da roba. Yaro ɗan shekara goma ba zai gane wannan da alli ba. Ta kalle ni ta saman tabarau, ni ma na kalle ta.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na yi abina. Na cika leda da ruwa na soke ta da fensir, ko ɗigo bai fito ba. Aji ya kaure da ihu, har malamin lissafi ya leƙo fuska a murtuke. Ya ji da shi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Shugaba ta karɓe makullin ɗakin gwaji. To, bokitin gidana ma ya isa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Sharaɗi ta kafa min. Jibi za ta zauna a ajina, in yaran sun kasa bayani, an rufe darasin gwaji ke nan. Na ce bismillah. Da ma haka nake so.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na auna gam, na auna ruwan boras, sinadarin da ke ɗaure sarƙoƙin gam, na gauraya da hannuna. Ya yi kyau, yana miƙewa kamar cingam. Na raba wa yaran suka ja, suna ta dariya. Sai Shugaba ta miƙe daga bencin baya ta tambaye su me ya sa yake miƙewa. Tsit. Har Sarkin Surutu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sunkuyar da kai. Can wata ta ɗaga hannu ta ce, "Ai Malama ce ta iya. Mu ba ta bari mu haɗa, kar mu ɓata."

Na ji kamar in nutse. Sai a bakin ƙofa Shugaba ta ce ta ƙara min mako ɗaya. Ni ban roƙe ta ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na ba Yaya labari don ta taya ni faɗa, sai ta ce tun ina ƙarama ko tsintsiya ba na sakar wa kowa. Ina ruwan tsintsiya da kimiyya? Raina ya ɓaci sosai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na ajiye wa yaran kayan na koma gefe, hannuwana a baya. Wuya dai na sha ta. Sun zubar, sun ɓata tebur, na Sarkin Surutu ya fito tsululu kamar ruwan wanki. Saura kaɗan in fizge kofin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malama, sarƙoƙin ba su kama juna ba. A ƙara min mai ɗaure su." Ya ƙara boras da kansa, ya kama.

Shugaba ta ajiye makullin a teburina ta fita. Ba wai ta fi ni gaskiya ba ne, ni dai yau ban taɓa gam ba. Har na dawo gida hannuna fes.