Kujerar Hagun Baba Evaristo

Talata, 2 ga Afrilu
Yau Osvaldo ya dawo da mahaifinsa daga asibiti, zai zauna da mu. Ɓarin dama ya shanye, magana sai da ƙyar. Rediyonsa kawai ya rungumo. Shekara goma sha tara ina surukarsa, ban tuna ranar da muka yi hirar minti biyar ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Osvaldo na kan tuƙin bas, ni da Baba Evaristo kaɗai a gida. Ƙungiyar ƙwallon da yake goya wa baya na wasa, yana saurare a rediyo. Na kai masa ƙwaryar mate, shayin ganyen da muke zuƙa da bututu, hannunsa ya kasa riƙewa, sai na zauna a hagunsa ina kai masa bututun baki. Ina zama suka ci ƙwallo. Na miƙe duba tukunya, ya cafko rigata.
"Zauna."
Kalma ɗaya, tar da ita. Shinkafata ta ƙone. Sun yi nasara da ci ɗaya.

Asabar, 13 ga Afrilu
Wai yanzu ni ce sa'ar. Osvaldo na dariya har da riƙe ciki. "Nilda, kin shiga uku. Kujera ɗaya, riga ɗaya, har kakar wasa ta ƙare. Kuma ba a wanke rigar." Na ce ku da ƙwallonku duk ba ku da hankali. Ya ce, "Tsoho ya ci abinci yau ko bai ci ba?"
Ya ci. Har da ƙari.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Canjaras. Rigar ta fara tsami.

Alhamis, 25 ga Afrilu
Mai gashin ƙashi ta yi ta fama ya ce "cokali", ya ƙi. Tana fita ya jero mini sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya na zamanin samartakarsa, bai yi tuntuɓe ba sai a na tara. Na ce sake. Ya sake. Na shiga kicin na ɗan jima.

Lahadi, 28 ga Afrilu
An ci mu biyu. An ci su, nake nufi. Idan suka sake faɗuwa sati mai zuwa, sun sauka ƙaramin rukuni. Ya juya fuska bango, ko miya bai taɓa ba. Tsoro nake ji. Idan ƙwallon ta tafi, me zai riƙe shi?

Lahadi, 5 ga Mayu
Canjaras kawai muke nema. Saura minti biyu alƙalin wasa ya ba abokan hamayya fenareti. Ban san lokacin da na miƙe ba, mate ya zube a ƙasa, ina ta ihu a kan rediyo: ɓarawo, makaho, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Suka ci. Mun sauka.
Na juyo wajen Baba. Kafaɗarsa na rawa, na zaci kuka ne. Dariya yake, da rabin bakin nan nasa, hawaye na bin kumatu.
"'Yar nan," ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "kin kamu da ciwonmu. Ba ya warkewa. Sannu."
Ya cinye naman da Osvaldo ya gasa, ya nemi burodi.

Laraba, 8 ga Mayu
Na tambayi Osvaldo yaushe za a koma wasa. Na ce masa saboda Baba nake tambaya, ya daina yi mini wannan kallon.
Wai sai Agusta.
Agusta da nisa.