Wushiryar Sa'adatu

Litinin, 14 ga Janairu, 2019

Abin Saratu ya iso yau. Ƙaton akwati, 'yan dako biyu suna nishi, da aka buɗe sai ga wata ƙaramar sanda kamar tocila da allon kwamfuta a kan taya. Wai sikana. Wai a zura wa mutum a baki ta haska, sai haƙoransa su fito a allo ana jujjuya su kamar tsire. Ba sauran ƙullin awon baki, ba sauran zuba filasta. Mtsw.

Ni na buɗe asibitin nan na Gyaɗi-Gyaɗi shekarar da soja suka miƙa mulki. Ni na fara dashen haƙori a Tarauni, lokacin da mutane ke ganin tsafi ne a kafa ƙusa a ƙashin mutum ta zauna, a ɗora mata haƙori. Yarinyar nan kuwa hidimar ƙasa ce ta kawo min ita daga Kafanchan, allurar kashe zafi ma sai ta yi addu'a take soka ta. Ni na riƙe hannunta har ya zama hannu. Ta je kwas na 'yan watanni, ta dawo tana ce min, "Oga, duniya fa ta wuce nan." Na ce in ta cim mata ta gaishe min da ita.

Na sa an tura abin ɗakin baya, kusa da bokitin mofa.

Alhamis, 17 ga Janairu

Saratu na neman bakin gwaji. Ta zo min da wannan murmushin nata, na ce bakina ba filin wasa ba ne. Sai ga matata Sa'adatu ta shigo da kular abincina. Matar likita guda, uwar 'ya'ya, ta ajiye mayafi ta haye kujera ta wangale baki, ana haska ta tana ƙyaƙyata dariya. Da ta ga haƙoranta a allo cewa ta yi, "Ashe har ta ciki ma ina da kyau."

Da za ta tafi ta ce wa tocilar, "Sannu da aiki." Sai da ɗan fiton nan ya fita. In ta ce sannu, iska takan bi ta wushiryarta ta yi wani siririn fito. Tun ina zuwa zance gidansu a Ƙauyen Alu nake tsokanarta da shi. Yau kuma na'ura aka yi wa.

Talata, 5 ga Fabrairu

Madubin hannuna ya yi ta ƙwanƙwasa haƙorin wani Alhaji. Shayi ne, zan rage. Saratu ta gani ta kau da kai, kau da kan ya fi ba ni haushi.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Inna lillahi. Ayarin 'yan kamfe ya taso a titin gidan Zoo, ana jiniya ana leƙowa ta taga, mai adaidaitan da ya ɗauko Sa'adatu ya kauce ya daki kwalbati. Bakinta ya bugi ƙarfen bayan direba. Haƙoran gaba biyu na sama. Ɗaya ba a ma gan shi ba, ɗayan ya tsage har saiwa, sai cirewa. Su kuwa ko waiwaye, suna sauri su je su yi wa talaka alkawari.

Saratu ta yi ɗinkin. Ni na ce ta yi, don ba a so likita ya taɓa iyalinsa. Dalilin ke nan.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Kumburin ya saɓe amma Sa'adatu ta daina magana. Mayafi a baki ko a tsakar gida. Matar da sai na roƙe ta ta yi shiru in ji labarai, yau in na dawo sai ta ɗaga min hannu kawai. Gidan ya yi min faɗi. Ina jin tsoro, gaskiya.

Juma'a, 1 ga Maris

Mun yi sa-in-sa da Saratu. Ta kawo hoton ƙashin, wai wurin ya yi siriri, in aka kauce ko kaɗan ƙusar za ta ɓullo ta gaban dasashi. Kamar ban iya karanta hoto ba. Wai a bari kwamfuta ta tsara inda kowace ƙusa za ta shiga, a buga wani marfin roba mai ramuka a kifa a baki, injin huda ya bi ramin, ba ya iya karkacewa. Na ce a garinmu takunkumi ake kiran wannan, kuma jaki ake sa wa.

Ta ce, "Oga, ai kuma muna da bakin Mama tun kafin hatsarin, yana nan a ajiye."

Na ce shekara talatin da wani abu ina kallon bakin nan safe da yamma, ba tocila ce za ta tuna min da shi ba. Ni zan yi dashen, da hannuna. Ba ta tuna min maganar likita da iyalinsa ba. Ta dai kalli hannun.

Litinin, 18 ga Maris

Yau na sha dariya har da tari.

Ashe Saratu, uwar 'yan zamani, ta zagaye ni ta aika hoton bakin can wani ɗakin haɗa haƙora a Legas, a yo wa Sa'adatu na wucin gadi ta riƙa sawa kafin dashe. Sun iso cikin kwali mai kyau kamar agogo. Farare tas, a jere, manne da juna. Ba wushirya. Wani gwani a can ya ga rata, ya ɗauka aibi ne, ya toshe ta. Har da saƙo wai sun gyara ratar kyauta. Kyauta. Abin da mata ke zuwa nan suna roƙona in buɗe musu, abin da mawaƙan biki ke wasa amarya da shi, shi wani ya gyara mana.

Na kira Saratu na ce ta zo ta ga duniyar da ta wuce mu. Kunya ta kama ta, ta ce ba na'urar ba ce, mutumin ne. Na ce eh, kullum haka ake cewa.

Sa'adatu ta gwada su a gida. Ta dubi madubi, ta ce sannu a hankali, shiru, ba fito. Ta cire ta nannaɗe a hankici ta miƙo min. Dariyar ta tsaya min a nan.

Asabar, 30 ga Maris

Na koma kan kakin zuma, yadda aka koya mana. Ina sassaƙa haƙoran biyu da kaina bayan an tashi aiki, in na gama a zuba su. Wuƙar tana zamewa. Kakin yanzu ne ba shi da kyau, komai na yanzu haka yake.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na kai wa Sa'adatu nawa. Na buɗe ratar sosai, yadda na san ta. Na tsaya a bayanta ina jiran a yaba.

Ta daɗe a gaban madubi. Ta ce sannu, sai wani huci ya fito kamar tayar da ta yi faci. Ta juyo ta ce, "Baban Husaina, wannan wace ce ka auro?"

Na ce ai haka take. Ta ce, "Tawa ba ta kai haka ba. Na Legas sun rufe ni, kai kuma ka yi min ƙofar gari." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta mayar da mayafin bakinta, idonta ya kawo ruwa.

Juma'a, 5 ga Afrilu

A masallaci na yi ta ƙoƙarin tuno bakin. Ina ganin dariyar, ina jin fiton, amma faɗin ratar ya ƙi zuwa. Huɗuba ta wuce ni.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na shiga ɗakin baya neman wani abu. Saratu na ciki. Na ce, tunda wuta na nan, ta kunna abin nata in ga irin shirmen da ta aika Legas.

Sai ga bakin Sa'adatu na watan Janairu. Na zauna ba tare da na yi niyya ba.

Ratar siririya ce daga sama, sai ta ɗan buɗe a ƙasa. Haƙorin hagu ya ɗan juya kafaɗa, kuma gefensa ya ci, wurin da take gutsure zare in tana ɗinki, abin da na yi shekaru ina hana ta. Ta nan iskar ke bi. Ni da na ce na haddace, ban taɓa lura ya juya ba.

 Can Saratu ta ce, "Oga, siffa kawai yake riƙewa. Launi ba ya ganinsa daidai, sai kai."

Na san lallashi ne. Amma gaskiya ne kuma, na Legas fari suka yi kamar tangaran, nata kuwa akwai ɗan ruwan madara. Na ce to, a bar min launi, kada a ɓata. Na ce kuma wannan karon ni zan yi magana da gwanin Legas da bakina.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na kira shi. Yaro ne mai ladabi, abin haushi. Na koya masa kalmar wushirya, na sa ya maimaita har ya iya. Na ce in ya sake taɓa ta zan zo Legas.

Talata, 23 ga Afrilu

An yi dashen, don ya fara kamawa kafin azumi.

Da safe na wanke hannu, na sa safar hannu, na ɗauki injin. Takunkumin na zaune a bakinta daram, sai dai in bi rami. Na ɗaga, sai bakin injin ya shiga rawa a iska. Ban sha shayi ba tun makon jiya. Sa'adatu na kwance tana kallona ta saman ƙyallen, ba ta ko ƙifta ba, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Wannan kallon ne ya gama da ni.

Na ce, "Dakta Saratu, zo ki yi, ina so in ga ko kin koyi wani abu a kwas ɗin nan."

Ban taɓa ce mata Dakta ba sai yau, ya kuɓuce min ne. Ta karɓa. Ni na riƙe bututun tsotse ruwa, aikin da nake ba sababbin zuwa. Ɗaya hannun nawa kuwa Sa'adatu ta kama shi ta matse, ko don zafi ko don ta ji yana rawa, ban tambaya ba.

Ƙusoshin sun shiga inda ya kamata. Ta ɗan yi gaggawa wajen ɗinki, na gaya mata.

Asabar, 15 ga Yuni

Ƙashi na kamawa. Wasu yara biyu masu neman ƙwarewa sun zo, wai wurin Dakta Saratu aka turo su, su ga aiki da kwamfuta. A asibitina. Na ce su fara zuwa wurina su koyi kallon fuskar mutum kafin su kalli allo. Sun rubuta har da wannan, sakarkaru.

Laraba, 21 ga Agusta

An ɗora haƙoran dindindin jiya. Launi ya yi, dole ya yi, ni na zaɓa.

An dawo da tocilar zuwa ɗakin gaba, don ɗakin baya na yoyo, ba don komai ba. Da rana ba kowa, na bar Saratu ta zagaya min da ita a baki. In ga ko ƙarya take yi ne kawai. Na ce ta ajiye hoton, ba a san gobe ba. Har yanzu ina nan a kan bakana, abin wasan yara ne, kuma ya yi tsada.

Na dawo gida da la'asar. Sa'adatu na tsakar gida tana tsince shinkafa, mayafin na kan igiya. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Husaina."

Na tsaya da jaka a hannu. Na ce ban ji ba, ta sake faɗa.