Godiya a Ƙofar Banɗaki

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
Sati uku ke nan ina kula da Mama Gittel, tsohuwar Bayahudiya mai shekara tamanin da shida. Ban taɓa ganin mai yawan godiya irinta ba. Tana buɗe ido, tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, sai ta gode wa Allah da ya mayar mata da ranta. Burodi da addu'arsa, tuffa da tata, har ruwan sha. Wai godiya ɗari ake so mutum ya yi a rana. Ni kuwa ina tsaye shayi na hucewa a hannuna.
Jirgin ƙasa na layin D da nake hawa ya makara yau ma. Tun daga unguwarmu ta Bronx nake tsine masa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Addu'arta ta banɗaki ce ta fi ba ni dariya. In ta fito ta wanke hannu, sai ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta tana motsa baki, kuma ba a yi mata magana sai ta gama. Na ce, "Mama, har wannan?" Ta ce, "Musamman wannan, Tahiratu. Jiki duk ƙofofi ne da hanyoyi. Ɗaya ta toshe, kin gama yawo."
Na ba maigidana Abdulai labari, ya ce ai mu ma muna da tamu addu'ar, ni ce dai na watsar. Na ce ya ci tuwonsa ya ƙyale ni.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Efua maƙwabciyata ta ce wai ba na rabo da ƙorafi. Sharri ne.

Talata, 12 ga Nuwamba
Mama na asibiti. Hanjinta ya toshe, an yi mata aiki. Da na tuna dariyar da na yi, kunya ta rufe ni.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Likita ya ce ba sallama sai cikin ya motsa da kansa. 'Yarta Devorah ta ja ni gefe, ta ce in abin ya ƙi, gidan tsofaffi za a kai ta. Matar da ta yi shekara hamsin a gida ɗaya! Tsoro nake ji, kuma ba don aikina ba. Ina son tsohuwar nan, duk da jiran da take sa ni.
An hana ta ci da sha, sai ɗan gutsuren ƙanƙara. Shi ma sai da ta yi masa addu'a. Haushi ya kama ni, ban san da wa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Ranar hutun Yahudawa ce, Devorah ba ta hawa mota, ni ce a wurin. Ni da Mama mun zaga baranda sau huɗu ko cikin zai motsa. Shiru.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Ya motsa! Da hantsi ne. Ta ce lallai sai na kai ta ta wanke hannu, sannan ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙarfen ƙarin ruwa, ta karanta addu'ar da ƙarfi. Na saki wani "Amin" da ya sa nas ta leƙo. Saura ƙiris in rangaɗa guɗa.
Mama ta dube ni ta ce, "Har wannan, Tahiratu?" Muka yi ta dariya, tana dafe da ɗinkin cikinta.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Jiya Mama ta koma gidanta. Har ta soma faɗa wai na canza wa kofuna wuri.
Yau da safe na fito daga banɗaki Abdulai na tambayata makulli, na ɗaga masa hannu ya jira in gama. Tamu addu'ar ce, wadda kakata ta koya mini a Kumasi, ashe tana nan ban manta ba. Ya buɗe baki zai yi tsiya, na harare shi.
Ba wani canzawa na yi ba. Efua da muka hau tare ta ce jirgin ya yi lattin minti ashirin yau. Wallahi ban lura ba.