Kwanon Ruwan Kurciyoyin Baba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Sakamakon gwajin jinin tsuntsaye ya iso. Dakta Liya, mai duba aikina na digiri na biyu, ta kira ni ofis ta juyo min kwamfuta. Kurciyoyin da na kama a gefen tashar jirgin ƙasa da sauƙi. Amma na garejin Baba a Sabon Gari, inda ake fasa tsofaffin batura, dalma ta yi musu katutu a jini. Ba ta tsaya nan ba, ta taɓa alamomin da ke kan ƙwayoyin gadonsu, har da 'yan shilar da ba su taɓa barin sheƙa ba.

Ta ce, "Hafsat, wurin mahaifinki ne fa. Kina iya cire shi daga binciken."

Ba zan cire ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na gano ta inda dalmar ke shiga, kuma da ma ban gano ba. Tun rasuwar Inna, kullum da safe Baba yana watsa gero a filin gareji, ya cika wa tsuntsaye ruwa, sadaka, Allah ya kai mata ladan. A cikin me yake zuba ruwan? A ƙoƙon tsohon batir da ya yanke da hannunsa. Geron kuwa a kan ƙasar da ta sha ruwan batir ta ƙoshi. Shekaru ina wuce kwanon nan, ban taɓa kallonsa da kyau ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Na faɗa masa bayan la'asar. Na bi ta hanyar da zai gane, na ce wayoyin jikinsu lafiya lau suke, dalma ce ke kashe wasu makunnai ta kunna wasu, shi ya sa 'yan shila ke fitowa a raunane.

"Wato sadakata ce guba?"

"Ba sadakar ba, Baba, kwanon."

"Na kai ki makaranta don ki dawo ki auna ladan uwarki a kwalba?"

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, wannan ba ruwan kowa.

Lahadi, 12 ga Mayu
Bai amsa gaisuwata ba. To. Ai ba ni na zuba dalma a jinin ba.

Laraba, 15 ga Mayu
Yaya Hamzat ya zo da faɗa, wai likitar kurciya za ta sa hukuma ta rufe wurin cin abincinmu. Na ce masa 'ya'yansa ma a ƙasar garejin suke wasa duk ranar da babu makaranta. Ya ce ba ni da kunya. Na ji, na karɓa. Gobe ma zan maimaita.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na je gareji ɗibar ƙasa don gwaji. Babu kwano, babu gero. Oga Ikechukwu mai tayoyi, maƙwabcin Baba, ya ce, "Alhaji ya jefar da shi tun Litinin. Amma kullum sai ya zauna yana kallon kurciyoyin."

Ga su nan jere a kan waya, baki buɗe don zafi. Su sauka inda suka saba, su tsattsagi ƙasa, su koma.

Na yi nasara ke nan. Ya kamata in ji daɗi.

Talata, 21 ga Mayu
Na miƙa babin, da garejin a ciki, ban rage komai ba. Dakta Liya ta yaba.

Da, in Baba zai fita yakan ce, "Bari in je in ba baƙin Hajo abinci." Yanzu sai ya ɗauki hula ya fice. Sunan Inna ya daina fitowa a gidan nan da safe, kuma abin yana ci min rai.

Ban yi laifi ba.

Asabar, 25 ga Mayu
Na sayo kaskon ƙasa, na ɗora a saman benenmu na Kwaciri, nesa da batura, da gero a faifai. Binciken yana buƙatar wuri mai tsabta don kwatantawa. Shi ke nan. Ba don kowa na yi ba.

Litinin, 27 ga Mayu
Zan hau ƙirga tsuntsaye da safe, sai na ga takalman Baba a gindin matakala. Kasko cike taf, gero ya ninka wanda na zuba. Yana tsugune, hannuwa sama, yana ambaton Hajo. Na laɓe a bakin ƙofa.

Da muka zo shan koko, bai dube ni ba ya kira ni da sunana na gida, ya ce, "Nana, kaskon nan naki ya yi ƙarami."

"Na bincike ne, Baba."

"To, a sayo wa binciken babba."

Yau ban ƙirga ko ɗaya ba. Hannuwana suna sama, da me zan riƙe biro?