Giris a Fankar Kwamfutata

Daren Talata, Ɗorayi

Kwana uku kacal da na kawo kwamfutar teburin nan gida, ko ƙura ba na bari ta hau ta. Yau na dawo daga aiki na tarar Yaya Sabo ya kwance bayanta, ya lafta wa fankar giris. Wai ya ji tana ƙara.

"A Sharaɗa nake gyaran inji, yarinya," in ji shi. "Babu injin da ba ya son mai."

Injin narka roba fa yake gyarawa! Ya yage tambarin garanti, mai shago ba zai karɓe ta ba. Na kunna, ɗaki ya ɗauki warin gareji. Umma kuwa sai albarka take sa masa.

Gobe kwaɗo zan sa wa ƙofata. Ya zo ya shafa masa giris shi ma.